Man Bazara a Tankin Gimbiya

Duk ƙauyen Kelovaara babu wanda bai san Rauno Moilanen ya san mota ba, kuma babu wanda bai gaji da jin haka daga bakinsa ba. Shekara talatin ya yi yana jan tirelar katako a dazukan Kainuu, ko sau ɗaya bai taɓa faɗawa rami ba. Da ya ajiye aiki sai ya niƙi gari har kudu, ya sayo wata baƙar motar Jamus, doguwa, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, injin dizal, kuma tayoyin baya kaɗai ke tura ta. A garin da dusar ƙanƙara ke kwanciya wata shida a shekara, wannan ai neman magana ne. Ya kuwa same ta.

Wanda ya fi ba shi ita ƙanin matarsa ne, Ensio, mai tsohuwar jif ta fetur mai ja da ƙafa huɗu, wadda tsatsa ta gama cinye wa ƙofofi. Shi ya raɗa wa motar suna Gimbiya, saboda da zarar Satumba ta ƙare sai Rauno ya wanke ta, ya goge ta tas, ya shigar da ita gareji mai ɗumi, ya lulluɓe ta da bargo, ba za a sake ganin fuskarta ba sai watan Mayu. Cikin hunturu ƙaramar motar matarsa Orvokki suke shiga.

Kowace Lahadi Ensio na zuwa shan kofi gidan yayarsa, kuma tun bai cire hula ba yake farawa.

"Suruki, yaya jikin Gimbiya? Ta farka, ko a kai mata kofi har gado?"

"Kai dai zauna ka ci burodinka," in ji Rauno. "Ba yawan ƙafafu ke riƙe mota a kan ƙanƙara ba. Taya ce, sai kuma hannun mai tuƙi. Ƙafa huɗun nan da kake taƙama da ita, tashi kawai take taimaka maka. Ranar da za ka taka birki a gangara, kai da mai keke duk ɗaya ne."

"To fito da ita mu gani mana! Mota ce ko kayan ɗaki?"

"Lokaci na zuwa."

"Shekara huɗu ke nan lokacin nan na kan hanya. Ko shi ma mai ja da tayoyin baya ya hawo?"

Orvokki takan ajiye musu faranti da ƙarfi a tsakiyar tebur, ta girgiza kai. "Ku biyun nan, ko ranar da za a binne ni, a kan taya za ku yi gardama," haka take cewa. Sai su yi dariya, su ɗora daga inda suka tsaya.

Dariyar Rauno dai ta fatar baki ce. Mutumin da ya yi shekara talatin ana tambayarsa shawara a kan hanya, yau a ce mai ruɓaɓɓiyar jif ke mayar da shi abin wasa a kan teburin gidansa, abin na ci masa rai. Shi ya sa bana ya ƙudura. Kowane Fabrairu mutanen ƙauyen na share hanya a kan tafki bayan ya daskare, kowa ya zo ya gwada motarsa, kuma a nan ya yi niyyar rufe bakin Ensio. Bai gaya wa kowa ba sai Orvokki. Tun farkon Janairu ya sayo sababbin tayoyin sanyi masu ƙusa guda huɗu, ya ɗaura su da hannunsa. Ya jefa buhun yashi biyu a but, daidai kan tayoyin baya, don su danne ƙasa. Ya caja batir. Abu ɗaya ya rage masa, shi ne mai.

Duk mai ajiye mota wata bakwai ya san ba a barin tanki rabi, raɓa ke taruwa a ciki ta kawo tsatsa. Cika shi ake yi har wuya kafin a rufe gareji. Haka Rauno ke yi kowace shekara, haka ya yi a Satumbar da ta wuce, kuma abin da ke famfo a Satumba dizal ɗin bazara ne. Shi kuwa man bazara bai san sanyi ba. In ya ji shi sosai sai ya yi kauri kamar kitsen miyar da ta kwana, ya toshe filta, inji ya shaƙe. Ko 'yan makaranta sun san wannan, balle Rauno, wanda ya sha tsayawa a gefen titi yana yi wa 'yan yawon buɗe ido daga kudu faɗa a kan haka kafin ya ja musu mota. Har da alli ya rubuta a bangon gareji, kusa da ƙofa: Asabar, a zuƙe tanki.

Ranar Alhamis aka wayi gari da sanyin digiri talatin da huɗu ƙasa da sifili. Ƙaramar motar ba ta gida, 'yarsu Saila ta ara tun Lahadi saboda tata na wurin makaniki. Wajen ƙarfe goma, gari ya ɗan yi haske, Rauno na shigowa da itace a hannu ya tarar da Orvokki zaune a ƙasan kicin, ta jingina da ƙafar tebur, hannayenta duk kwaɓin burodi. Fuskarta ta yi fari fat, gumi na tsattsafo mata.

"Uwargida, lafiya?"

"Ƙirjina ne, maigida. Kamar an ɗora min dutse. Har muƙamuƙina nake jinsa."

Ya watsar da itacen ya kira lambar gaggawa. Matar da ta ɗauka ta yi masa tambayoyi a natse, ta ce ya ba ta asfirin ta tauna, ya zaunar da ita, ya rufe ta da abu mai ɗumi. Motar asibitin da ke kusa ta fita wani kiran, wadda za ta taso daga birni kuwa sai ta yi sama da awa guda.

"Awa guda? Baiwar Allah, zuciya ce fa! Zan iya ɗauko ta mu haɗu a hanya."

"Ya fi kyau ku zauna a gida cikin ɗumi," in ji matar. "Amma in akwai mota mai lafiya da wanda zai tuƙa, ka sanar da ni, zan gaya musu."

Orvokki ta ɗaga ido ta ce ya kira Ensio. Ya kira. Ensio na can ƙetaren tafki yana duba komarsa ta kamun kifi a ƙarƙashin ƙanƙara, ana jin iska na kaɗawa a wayar.

"Yaya ce? Ga ni nan, minti ashirin da biyar. Ku jira ni." Yana haki, da alama gudu yake zuwa jif ɗinsa. "Suruki, kar fa ka fito da Gimbiya. Ka ji ni?"

Da Ensio ya tsaya a kan "ku jira ni", Allah kaɗai ya san yadda ranar za ta kasance. Ba da tsokana ya faɗa ba, tsoro ne ya sa shi, amma kunnen da ya yi shekara huɗu yana jin sunan nan da dariya a bayansa bai iya rarrabewa ba. Rauno ya kashe wayar ya tsaya a tsakiyar kicin yana lissafi irin na direba. Babbar hanya zagaye tafki take, kilomita talatin kafin mararraba. Hanyar 'yan katako kuwa ta kan tudu ta ratsa, kilomita goma sha biyar, kuma jiya aka share ta. In ya tashi yanzu zai haɗu da motar asibiti cikin rabin awa. In ya jira Ensio, ya yi asarar minti ashirin ko fiye. Lissafin daidai ne, ba wanda zai ce ba daidai ba ne. Tsoron rasa matarsa ne ya fi yawa a ransa, wannan gaskiya ne. Amma a can ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan abu da ke cewa yau za a gani.

Ya ruga gareji ya wangale ƙofa, ƙofar ta tafi ta rufe rubutun allin da ke bango. Ya fizge bargon, ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi, ai a ɗumi ta kwana. Ya kalli geji ya ga allura a kan cikakke, ya ce Allah na gode maka, ko mai ba sai na tsaya nema ba.

Da bargon motar ya naɗe Orvokki, ya ciccibe ta zuwa kujerar gaba, ya kwantar mata da kujerar kaɗan. Ya sanar da matar waya cewa sun taso ta hanyar katako. Hita ta fara busa ɗumi tun ba su fita daga tsakar gida ba.

Abin takaici, motar ta yi tafiya irin wadda ya yi shekara huɗu yana faɗa wa mutane za ta iya. Ƙusoshin na cizon ƙanƙara, ana jin ƙararsu ƙasa-ƙasa. A kwanar farko bayanta ya ɗan goce, ya tare ta da sitiyari ba tare da ya taɓa birki ba, ta dawo layi kamar an ja ta da zare. Tudun nan da tireloli ke sa sarƙa kafin su hau, ta haye shi a giya uku ba ko tari.

"Sannu, uwargida. Yanzu za mu isa."

"Tana tafiya kuwa," in ji Orvokki, idonta a rufe. "Ashe ba ƙarya kake ba."

Daɗi ya kama shi. Matarsa na gefensa tana kokawa da numfashi, amma daɗi ya kama shi, har ya ji ina ma Ensio na kujerar baya. Wannan ɗan daɗin na daƙiƙa biyu shi ne abin da daga baya ya kasa yafe wa kansa.

Sun gangara, sun haye gadar rafi, sun shiga kilomita na takwas, sai injin ya yi tari. Ya taka totur, ta amsa, ta sake tari. Ƙarfinta ya fara zubewa. Tun kafin fitilar gargaɗi ta kama, Rauno ya riga ya sani. Rubutun allin ya faɗo masa a ido, harafi bayan harafi, da hannunsa ya rubuta shi. Ya sauko giya biyu, ya roƙe ta da baki, ta ɗan ja mita ɗari tana fizga, sannan ta mutu a tsakiyar daji, itatuwa hagu da dama sun yi fari da ƙanƙara.

Ya murɗa makulli. Ta juya, ta juya, ta kama, ta mutu. Ya sake. Ya sake har batir ya fara nauyi. Hita ta koma busa iska mai sanyi, ya kashe ta. Ya kira matar waya ya faɗa mata inda suke, ta ce za ta juyo da motar asibiti ta hanyar katako, amma har yanzu da sauran tafiya a gabansu, ya bar wayar a kunne. Ya ce ta ba shi minti ɗaya. Sannan ya kira lambar da ba ya so ya kira.

"Kana ina?" in ji Ensio. "Ina tsakar gidanka, gareji a buɗe!"

"Hanyar katako. Bayan gada."

"Rami ka faɗa?"

"A'a. Man ne. Na Satumba."

 Da Ensio ya zage shi, da ya fi sauƙi. "Ina zuwa," kawai ya ce.

Rauno ya cire rigar sanyinsa ya ƙara wa Orvokki a kan bargon, ya fita ya buɗe bonet. Ya san ba abin da zai iya, ba shi da wuta, ba shi da ko kwalbar kananzir, amma hannun makaniki ba ya iya zama. Ya tuɓe safar hannu ya rungume filtar da tafukansa biyu wai ya ɗumama ta, yana hura mata numfashi kamar mahaukaci. Ƙarfen ya kama masa fata. Injin da ya yi zafi minti kaɗan da suka wuce sai ƙara yake tik, tik, yana hucewa. Ko da ya narkar da na cikin filtar, lita sittin na kwance a tanki a ƙarƙashin mota, iskar hanya ta gama da su.

Ya ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Ya fizge hannayensa, fatar ta ɗan saura a jikin ƙarfe, ya zagaya ya shiga. Gilasan sun fara yin fari daga ciki saboda numfashinsu. Leɓunan Orvokki sun canza launi, jikinta na karkarwa a ƙarƙashin bargo.

"Zauna nan, maigida. Bar ta haka."

Ya zauna ya rungume ta, yana goga mata hannu.

"Man bazara ne, ko?"

"Shi ne."

"Na ga rubutunka a bango jiya. Na ce zan tuna maka." Ta ja numfashi da ƙyar. "Na bar kwaɓi a buɗe, zai bushe."

"Bar zancen kwaɓi, don Allah. Ensio na hanya, minti goma."

"Kar ka gaya masa man ne," ta ce, har da ɗan murmushi. "Ce masa batir. In ba haka ba, ba zai bar ka ka sha ruwa ba har bazara."

Ya riga ya gaya masa. Ya ce mata, "To."

Shekara talatin da shida suna tare, kuma maganar da suka yi ta ƙarshe ke nan. Ta ɗan yi wani irin minshari, kanta ya faɗa kan kafaɗarsa. Ya kira sunanta, ainihin sunanta, wanda ya yi shekaru bai kira ba. Ya jawo ta waje ya shimfiɗa ta a kan bargo a tsakiyar hanya, saboda cikin mota babu wurin durƙuso. Ya sake kiran matar waya, tana ƙirga masa, yana danna ƙirjinta da hannayen da ba ya ji. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ana cikin ƙirgar sanyi ya kashe wayar, ya ci gaba da ƙirgawa shi kaɗai da ƙarfi, muryarsa na dawowa daga cikin itatuwa.

Haka Ensio ya same shi. Jif ɗin ta zo tana ƙara kamar za ta tarwatse, ta tsaya a karkace.  Suka ɗauki Orvokki zuwa bayan jif, Rauno ya durƙusa a kanta yana dannawa. Gimbiya ta tare hanya, Ensio ya sa ƙafa huɗu ya faɗa cikin tarin dusar gefe, ta nutse har ƙofa, ta yi gurnani, ta fito ta ɗaya ɓangaren. Kilomita uku kafin mararraba suka ga shuɗiyar fitila. Ma'aikatan sun yi rabin awa a kanta a cikin motarsu, ƙofa a rufe, mazan biyu na tsaye a waje, Rauno da 'yar shara a jikinsa. Da babbar cikinsu ta fito ta cire hula, ba sai ta buɗe baki ba.

Likita ya ce babbar jijiya ce ta toshe, irin wadda ko a ƙofar asibiti ta kama mutum ba lalle ya tsira ba. Saila ta riƙe hannayensa da aka naɗe da bandeji ta ce, "Baba, ba laifinka ba ne, ni na ɗauki motar Mama." Fasto ma ya faɗi nasa. Rauno ya saurare su duka yana gyaɗa kai. Shi dai ya san da ya jira, da a cikin ɗumin kicin ɗinta za ta yi mintunan nan ashirin, sannan a cikin ɗumin jif, kuma "ba lalle" ɗin likita ba ya nufin ba zai yiwu ba.

Bayan jana'iza aka taru shan kofi a zauren coci. Aka zaunar da shi kusa da Ensio, tun da su ne dangi na kusa. Wani maƙwabci da bai san kan zance ba ya tambayi me ya sami motar a hanya. Rauno ya buɗe baki, amma Ensio ya riga shi.

"Batir ne," in ji Ensio, idonsa a kan kofinsa. "Sanyin ranar ba na wasa ba ne."

Ba wanda ya gaya wa Ensio cewa Orvokki ta roƙi haka. Rauno ya kalle shi, ya jira tsokana, ko zagi, ko da kalma ɗaya ce mai zafi da zai riƙe. Ensio ya tura masa farantin burodi gabansa. Daga ranar bai ƙara cewa Gimbiya ba, ko mota bai ƙara ambata a gabansa ba. Yana zuwa ran Lahadi kamar da, ya cire hula, ya zauna, su sha kofin da Rauno ya dafa, wanda bai taɓa yin daidai ba.

Motar ta yi kwana tara a gefen hanyar katako, inda mai share hanya ya ture ta. Rana ta goma Ensio ya ɗaure ta da igiya ya jawo ta gida, suka tura ta cikin gareji, ya tafi. Ta kwana a ɗumi, ƙanƙarar jikinta ta narke ta malale a siminti, man tankin ma ya saki.

Da hantsi Rauno ya shiga, wai zai kwashe buhunan yashi. Da ya rufe ƙofa sai ga allin a bango, bai goge ba. Ya buɗe motar ya zauna. Kujerar gefe na nan a kwance yadda ya kwantar mata, akwai busasshen kwaɓi a jikin marikin ƙofa inda ta riƙe. Bai san abin da ya kai hannunsa ga makulli ba. So yake ta ƙi. So yake a ce wani abu ya karye a cikinta, babba, wanda za a kwance a nuna wa mutane.

Bugu ɗaya ta tashi. Injin na tafiya lafiya lau, ba tari, ba rawa, hita ta fara busa masa ɗumi a ƙafa. Allurar geji ta ɗaga a hankali ta je ta tsaya dab da cikakke.